Na fara aiki a gidan abincin gaggawa a Yamai: ta ina zan kama koyon haɗa abincin?

Ɗan Adar ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni matashi ne daga Tawa, na sauka Yamai wata uku da suka wuce a gidan kawuna, kuma ta hanyarsa na samu aiki a wani gidan abincin gaggawa da ke bakin titi a tsakiyar gari. Yau kwanana 12 da farawa. Abin da muke sayarwa ba shi da yawa idan mutum ya karanta shi a allo: shawarma ta nama da ta kaza, hamburga iri uku, panini, sanwicin ƙwai, soyayyar kaza, da soyayyen dankalin turawa da ake ce wa firit. Amma da zarar an idar da sallar magariba, mutane suka cika wurin, ƴan kabu-kabu masu kai saƙo suka jeru a bakin ƙofa suna jira, sai kaina ya ɗaure in rasa abin da zan fara ɗauka.

Matsalolina su ne waɗannan. Ina manta abin da ake fara sawa a cikin kowace hamburga, har sau biyu aka dawo mini da ita saboda na zuba mayones ga wanda ya ce ba ya so. Idan na naɗe shawarma, ko burodin ya yage ko miyar ta zubo ta ƙasa ta jiƙa takarda. Firit ɗina kuwa wani lokaci ya fito laɓe-laɓe ya sha mai, wani lokaci ya yi baƙi a waje alhali cikinsa bai nuna ba. Ga kuma maganar harshe: mai karɓar kuɗi yana kiran kwamandi, wato abin da mai saye ya nema, da Faransanci, wani lokaci da Zabarmanci, ni kuma Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba.

Babban ma'aikacin da aka haɗa ni da shi gwani ne ƙwarai, sai dai sau ɗaya yake nuna abu, cikin sauri, kuma idan na sake tambaya yakan ɓata fuska. Maigida ya ce a ƙarshen wata zai duba ko zan zauna. A gida ban taɓa dafa abin da ya wuce shayi da taliya ba, kuma ina son wannan aiki da gaske, domin da shi nake fatan taimaka wa mahaifiyata. Don Allah waɗanda suka taɓa yin wannan sana'a su faɗa mini ta inda zan kama. Shin in tsaya a kan abu ɗaya har in iya shi, ko in riƙa taɓa kowanne? Kuma ta yaya hannu yake samun sauri ba tare da an ɓata abincin ba?

Tsohon Mai Faranti ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekarata 11 a gaban farantin gashi da tukunyar mai, tsakanin Yantala da Plato, kuma duk abin da ka lissafa na yi shi a watana na farko, saboda haka ka kwantar da hankalinka. Saurin da kake gani a hannun wannan babban ma'aikaci, yawancinsa tun da la'asar ya tanade shi. Waɗanda suka yi aiki a otal suna kiran wannan shiri mizampilas, wato kowane abu a yanka shi, a auna shi, a ajiye shi a mazauninsa kafin mai saye na farko ya shigo. Ka lura da shi gobe: ba ya neman wuƙa, ba ya buɗe firigo ana cikin cunkoso, ba ya duba inda albasa take, hannunsa ne ya san wurin. Kai ma ka jera robobinka daga hagu zuwa dama bisa yadda ake sa kayan a cikin burodi, miya da farko, sai salati, sai tumati, sai albasa, kuma kada ka sauya wannan jeri ko da rana ɗaya. Idan jerin teburinka ya yi daidai da jerin abincin, mantuwar da kake kuka da ita za ta ragu da kanta. Ka sayi ƙaramin littafi, ka ba kowane abinci shafi guda, ka rubuta kayan da ke shiga cikinsa daga ƙasa zuwa sama tare da yawansu, ka riƙa bitarsa da safe.

Zan daɗe a kan firit, domin shi ne yake fallasa sabon ma'aikaci. Ka yanka dankalin da kauri ɗaya, kamar santimita guda, saboda sirara za su ƙone kafin masu kauri su nuna. Ka jiƙa shi a ruwan sanyi kamar rabin awa don farin garin da ke jikinsa ya fita, ka tsane shi, sannan ka goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe; jiƙaƙƙen dankali yana sa mai ya yi tsalle ya ƙona ka, kuma yana kashe zafin man. Suya biyu ake yi. Ta farko a mai mai matsakaicin zafi, digiri 150 zuwa 160, na minti biyar ko shida, har ya yi laushi a ciki ba tare da ya sauya launi ba, sai ka kwashe ka baza shi ya huce. Wannan duk kafin a buɗe ƙofa za ka gama shi. Ta biyu sai an kira kwamandi, a mai mai zafin digiri 175 zuwa 180, minti biyu ko uku kawai, ya yi ja-ja ya yi ƙaras. Wanda ya fito maka laɓe-laɓe, na tabbata kwandon ka cika saboda mutane suna jira, dankali mai yawa kuwa yana sauke zafin mai nan take, sai ya zauna yana shan man maimakon ya soyu. Kada ka wuce rabin kwando, ko da mutum goma ne a tsaye. Wanda ya yi baƙi a waje kuma, ko wutar ta yi yawa, ko an ajiye ɗanyen dankalin a firigo, domin sanyi yana ƙara masa zaƙi, zaƙin nan ne yake saurin ƙonewa. Dankalin da ake kawo mana daga Agadas ko Bonkuku, inuwa mai iska yake so. Na leda da ke zuwa a daskare kuwa an riga an yi masa suyar farko, daga ƙanƙara kai tsaye zuwa mai mai zafi, kada ka bari ya narke. Gishiri sai ka juye firit a kwano, nesa da tukunya, domin gishirin da ke faɗawa cikin mai yana saurin lalata shi. Kowane dare ka bar man ya huce, ka tace shi, idan kuma ya yi duhu, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ka gaya wa maigida lokacin sauyawa ya yi.

Shawarma kuma, burodin Labanawa idan yana da sanyi karyewa yake yi. Ka ɗora shi a kan faranti na ɗan lokaci kaɗan, gaba da baya, ya yi laushi. Ka shafa miya siririya, ka bar faɗin yatsa biyu a gefe ba ka shafa ba, ka jera nama a layi ɗaya ƙasa da tsakiya kaɗan, ka naɗo gefen da ke kusa da kai ka matse, ka lanƙwaso ƙasan, sannan ka ƙarasa naɗin. Wajen gasawa, bakin naɗin ne zai kalli ƙasa, zafi ya manne shi. Ruwan da ke jiƙa maka takarda yawanci na tumati ne, saboda haka ka yanka shi da wuri ka bar shi a rariya ya tsane.

Naman hamburga kada ka danne shi da cokali don ya yi saurin nuna, romonsa kake matsewa a kan faranti, ya fito a bushe. Ka juya shi sau ɗaya. Idan kwamandi ɗaya ta haɗa abubuwa da yawa, ka fara da wanda ya fi daɗewa a wuta, kaza, sai nama, sai firit, burodi a ƙarshe, don su gama tare. Kuma duk kwamandin da aka kira, ka maimaita ta da ƙarfi da Hausa, mai kuɗin ya ji. Idan ka ji ba daidai ba, a nan zai gyara maka, tun ba ka taɓa burodi ba. Ƙidayar Zabarmanci ka haddace ta yau: afo ɗaya, ihinka biyu, ihinza uku, itaci huɗu, igu biyar. Shawarata a kan tambayarka ita ce ka roƙi a bar ka mako guda a kan tukunyar mai, mako guda a kan faranti, sannan naɗi.

Inna Mai Tsafta ta amsa:

Ɗana, Allah ya yi wa nemanka albarka. Ni ban taɓa sayar da abinci ba, amma na yi shekaru ina aikin jinya, kuma na sha karɓar mutanen da aka kawo cikin dare da amai da zawo bayan sun ci abin da aka saya a waje, yara ƙanana a cikinsu. Saboda haka ina so ka ɗauki abin da zan faɗa a matsayin wani ɓangare na koyon haɗa abincin, daidai da naɗin shawarma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji biyar na kiyaye abinci tun 2001: tsabta, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai, ajiyewa a zafi ko sanyin da ya dace, da amfani da ruwa da kaya masu kyau. Wadda ta fi damuna a garinmu ita ce ta huɗu. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba. To ka tuna yadda Yamai take a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, balle a madafa kusa da wuta. Robar mayones da aka fito da ita tun ƙarfe biyar, aka bar ta kusa da faranti har sha ɗaya na dare, haɗari ce, musamman idan a wurin ake kaɗa ta da ɗanyen ƙwai. Ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, sauran ya zauna a firigo, kuma kada ka zuba sabuwa a kan tsohuwa. Ka wanke robar tukuna.

Tsohon Mai Faranti da ya yi magana a sama ya ce kada a danne naman hamburga, gaskiya ne, amma ina ƙara maka cewa niƙaƙƙen nama dole ya nuna har tsakiyarsa, ya kai digiri 70, babu ja a ciki. Dalili shi ne, ƙazantar da ke bayan tsoka, injin niƙa ya riga ya cuɗa ta cikin naman gaba ɗaya. Kaza ma haka, ka tsaga wajen ƙashi ka ga ruwan da ke fita fari ne, babu jini. Naman shawarma da ke juyawa a jikin ƙarfe, bayansa kaɗai ne ya gasu, cikinsa ɗanye ne. Idan cunkoso ya sa aka yanko da zurfi, a ƙarasa shi a kan faranti kafin a naɗe. Katakon da ka yanka ɗanyar kaza a kai, da wuƙar, kada su taɓa tumati ko salati sai an wanke su da sabulu, gara ma a ware wa kowanne nasa. A cikin firigo ɗanyen nama a ƙasa yake zama, a rufe, don kada ruwansa ya ɗiga a kan abin da za a ci ba dafawa.

Salatin da ake nomawa a lambunan bakin kogi, ganye-ganye ake wanke shi, a jiƙa shi a ruwan da aka ɗiga wa jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, bisa awon da ke rubuce a jikin kwalbar, sannan a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Hannunka kuma, sabulu bayan bayan-gida, bayan ɗanyen nama, bayan ka taɓa kuɗi ko salula. Na ga masu sa safar hannu tun safe har dare, suna karɓar canji da ita suna ɗaukar burodi da ita, wannan bai tsare kowa daga komai ba. Ranar da cikinka ya ɓaci, ka faɗa wa maigida, kada ka tsaya a kan abinci.

Sai lafiyar jikinka. Idan mai ya ƙona ka, ka sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi har minti 20, kada ka shafa man goge haƙora ko ƙwai ko gishiri kamar yadda ake yi a gida. Idan wuta ta kama tukunyar mai, ka kashe gas, ka rufe ta da murfin ƙarfe, kada ka kuskura ka watsa ruwa, domin ruwa yana tayar da man ya fantsama da wutar har rufi.

Mai Shago a Harobanda ya amsa:

Samari, ni ina da ɗan wuri a hayin kogi, ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni su ne yawancin masu sayena, kuma na ɗauki yara kamarka da dama. Na yarda da kusan duk abin da Tsohon Mai Faranti ya faɗa, amma ban goyi bayan mako guda a kan tukunya, mako guda a kan faranti ba. Wannan tsari na babban gida ne mai ma'aikata da yawa. A wurin da mutum uku ko huɗu suke riƙe da dare, maigida ba zai iya ajiye ka a kan firit kaɗai ba, kuma kwana 18 suka rage maka. Ka duba abu biyu da aka fi saye a wurinku, ina kyautata zaton shawarma da firit ne, ka sa ƙarfinka a kansu har ka iya su ido rufe, sauran ka riƙa kama su a lokacin da babu mutane.

Abin da nake dubawa ga sabon yaro shi ne awo. A wurina shawarma ɗaya giram 80 na nama take ci. Yaro mai sakin hannu ya ƙara giram 20 a kowace, yana ganin kyautatawa ce, idan muka sayar da 100 a dare ya tafi da kilo biyu na nama, ribar daren ke nan. Wanda ya rage kuma, mai sayen da ya ci jiya ya dawo yau ya ga ba haka ba, ba zai sake zuwa ba. Wannan sana'a a kan haka aka gina ta tun asali. A 1948 wasu ƴan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka rufe gidan abincinsu a San Bernardino ta ƙasar Amurka, suka sake buɗewa da abubuwa tara kacal a allo, kowane ma'aikaci da aikinsa guda, kowace hamburga da awonta, har miyar da ake ɗigawa. Don haka ka nemi a auna maka sau ɗaya a kan ma'auni, ka ga yadda adadin yake cika cokali ko ludayin da kuke amfani da shi, ka riƙe wannan. Albasa ma ka lura da ita: ta Galmi, wadda kai ɗan jihar Tawa ka fi ni saninta, tana da ƙarfi, ɗanyarta kaɗan take isa a cikin burodi, kuma a yanka ta siriri.

Game da babban ma'aikacin nan, kada ka yi masa tambaya ƙarfe takwas na dare yana tsakiyar wuta. Ka riga shi zuwa, ka feraye dankalin, ka wanke faranti, idan ya iso ya tarar an rage masa aiki, ka ce masa: yaya, don Allah ku naɗe ɗaya a hankali in gani. Da wuya ya ƙi. Idan kuma ka ɓata abu, ka faɗa da bakinka kafin a gano. Na sallami yaro saboda ya ɓoye ƙonannen nama a ƙasan kwandon shara, amma ban taɓa sallamar wanda ya zo ya ce mini ya ƙona ba.

Ɗan Adar ya sake rubutawa:

Iyayena, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwana takwas ke nan ina bin abin da kuka faɗa. Na sayi littafin, na cika shafi tara. Ina zuwa ƙarfe uku maimakon huɗu, kuma ranar Talata yayan nawa, wato babban ma'aikacin nan, ya tsaya ya naɗe shawarma uku a hankali a gabana, har ya nuna mini yadda yake riƙe ƙasan da ɗan yatsansa. Jiya na naɗe fiye da 30, biyu ne kawai suka buɗe. Firit ya gyaru tun ranar da na daina cika kwando, sai dai tukunyarmu a kan gas take, ba ta da ma'aunin zafi, da ido nake kintata, wani lokaci in dace wani lokaci in kuskure.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai, Inna, ku nake so ku duba mini shi. Shekaranjiya an ɗauke wuta bayan mun rufe, ba mu san ƙarfe nawa ba, kuma ba a tayar da injin wuta da dare. Da na zo, wutar ta dawo, amma kajin da ke saman firigo mai daskarewa sun yi laushi, akwai ruwan jini a ƙasan ledar, na ƙasa kuma suna nan da tauri. Na shinshina ban ji wari ba. Yayana ya ce in mayar da su su sake daskarewa, haka ake yi. Na mayar, amma hankalina bai kwanta ba, kuma ina tsoron in kai magana wurin maigida a ce na kai ƙarar wanda yake koya mini, alhali yanzu ne muka fara shiri. Me ya kamata in yi idan haka ta sake faruwa?

Inna Mai Tsafta ta amsa:

Ɗana, rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan hanya. Hanci ba ya gane wannan, domin ƙwayoyin da ke kwantar da mutum ba sa sauya warin nama ko launinsa, kuma sake daskarewa ba ya kashe su, tsayar da su kawai yake yi har ranar da za a narkar. Abin da ake dubawa shi ne sanyi. Kazar da ka taɓa ka ji tauri, ko akwai sauran ƙanƙara a jikinta, babu laifi a mayar da ita. Wadda ta yi laushi amma tana da sanyi ƙwarai kamar yanzu aka ciro ta daga firigo, a dafa ta a ranar, a dafa ta sosai. Wadda ta saki har sanyin ya fita daga jikinta, kuma ba a san awa nawa ta yi a haka ba, zubarwa ake yi, duk da asarar tana da ciwo. Waɗanda ka mayar shekaranjiya, ka ware su a leda guda ka sa musu alama, kada su gauraya da sababbi, ka nuna wa yayanka, ku yanke shawara tare da maigida.

Ba sai ka kai ƙarar kowa ba. Ka fara da shi yayan naka, a keɓe, ka ce masa kana tsoron kada wani ya ci ya kwanta a ce daga wurinku ne, domin idan haka ta faru sunan gidan ne zai ɓaci, aikinku ku duka ya shiga haɗari. Sannan ka kawo abin da zai raba gardama nan gaba: ka cika ƙaramin kofi da ruwa, ka daskarar da shi, ka ɗora ƙwandalar dala ashirin a kan ƙanƙarar, ka ajiye shi a saman kayan. Da safe idan ƙwandalar tana sama, mai yiwuwa sanyi bai tafi ba. Idan ka same ta a tsakiya ko a gindin kofi, to kayan sun narke sun sake daskarewa cikin dare, ko da wuta ta dawo kafin ku zo. Idan an ɗauke wuta kuna wurin, kada a riƙa buɗe murfin. Firigo mai daskarewa da yake cike kuma a rufe yana iya riƙe sanyinsa har kwana biyu, wanda yake rabi kamar kwana ɗaya, na sanyi kawai kuwa awa huɗu ne, kuma a zafinmu gara a rage wannan lissafi. Shi ya sa yake da kyau a cike gurbin da babu kaya da robobin ruwa su daskare.

Tsohon Mai Faranti ya ƙara da cewa:

Maganar Inna ita ce daidai, kuma dabarar ƙwandalar ni ma zan kai ta wurinmu. Batun tukunyar da ba ta da ma'auni, ƙanena, ga yadda muke yi. Don suyar farko, ka jefa sanda ɗaya ta dankali: idan ta nutse, ƙananan kumfa suka riƙa tasowa a hankali kewaye da ita, zafin ya isa, idan ta kwanta shiru babu kumfa, ka ƙara jira. Don suya ta biyu, ka yanki ɗan burodi kamar kan yatsa ka jefa, idan ya yi ja cikin kamar minti ɗaya, ka sa dankalinka, idan kuma ya yi baƙi nan da nan ko man ya fara hayaƙi, ka rage wuta ka dakata. Ka lura da inda makunnin gas yake tsayawa a kowane hali, ka yi masa ɗan zane a jikin murhu, ɗaya na suyar farko, ɗaya na ta biyu. Tsakanin kwando da kwando ka ba man kamar minti ɗaya ya dawo da zafinsa. Idan maigida ya tabbatar da kai a ƙarshen wata, ka roƙe shi ya sayo ma'aunin zafi mai tsinke, ana samunsa a shagunan kayan madafa, zai yi muku aiki a mai da nama da firigo gaba ɗaya. Ka dawo ka faɗa mana yadda ta kasance, kuma idan ka iso kan panini da soyayyar kaza ka tambaya, akwai abin da zan gaya maka game da garin da ake birkiɗa kazar a ciki.